Taken Jinjiri a Kwance

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Kwana biyu ke nan. Jiya ban buɗe shago ba, yau na buɗe. Zaman gida ba zai dawo da kowa ba, ga wayoyin mutane jibge suna jiran gyara.

Bari in rubuta abin, ko na daina juya shi a kaina. Mu uku ne a ƙungiyarmu, Tsawar Ruma: ni Sharhabilu da jita, Labaran da bes, wato jita mai kaurin murya, Jinjiri da ganguna. Kiɗan rok na Turawa muke yi, a Batsari, inda rabin gari ke ganin taɓin hankali ne, ɗaya rabin kuma bai ma san muna yi ba. A ɗakin bayan shagona muke ɗauka, wanda na manne bangonsa da kwalin ƙwai. Shekara ɗaya da rabi muna kan albam guda, Gona Tara. Kowace waƙa gona ce cikin gonakin Wagini da aka daina zuwa tun da mutanen daji suka hana, kuma mun gina ta kan taken mai gonar, wato kiɗan da gangar noma ke yi masa shi kaɗai in ya shiga kunyar noma ranar gayya. Baba Gagare, mahaifin Jinjiri, shi ne makaɗin noman Wagini, daga wurinsa muka samo take takwas. Takwas ɗin sun kammala. Ta tara ce ta ƙi.

Ranar Alhamis Jinjiri ya ɗauki 'yar rikodata ya tafi gonarsu ta nesa, hanyar Babban Duhu, ya ɗauko mana ƙarar gonar da ba kowa a cikinta. An ga babur ɗinsa. Shi ba a gan shi ba.

Ba ni na ce ya kai la'asar a can ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, bayan azahar

Na je Wagini. Tsakar gida cike da mata, kowace da irin nata labarin ɗan wane da ya dawo bayan wata biyu. Baba Gagare na gindin dalbejiya yana ɗaure tsarkiyar ganga. Na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa. Shekara ashirin da musuluntar tsohon nan, amma gangarsa har yau tana nan kan ta kakanni.

Inna Marka, mahaifiyar Jinjiri, ta nuna mini kwano a rufe bakin ɗakinta. Ta ce, "Tuwon shi ne. Kullum sai na aje mashi, kar ya shigo da yunwa." Ƙato kamar rumbu, shekara ashirin da tara, har yau Jinjiri take ce masa, har ya bi shi ya danne Zaharaddeen ɗin.

Ta ce, "Ɗan nan, ba tare za ku ba?"

Na ce kaina ne ya yi ciwo ranar.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Tayyib ɗan acaba, wanda ya tsinci babur ɗin, ya shigo shago ya ajiye mini rikodar a kan tebur. Cikin ciyawa ya gan ta, ya ga sunana a jiki. Na ce ya bar maganar tsakaninmu, kar a tayar wa iyaye hankali. Na gyara masa cajar wayarsa.

Minti arba'in da ɗaya ne a ciki. Na saurara sau ɗaya har ƙarshe.

Gobe zan kai musu.

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

An yi ruwa. Hanya ba kyau.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Labaran ya zo, ya zauna kan sifika ya haɗa kai da gwiwa kamar shi aka ɗauke wa ɗa. Na ce ya ɗauki bes mu gwada ta tara da gangar kwamfuta. Ya kalle ni.

"Kai wai lafiyarka lau? Kwana shidda fa."

"In mun zauna muna kuka zai fito?"

Ya ɗauka dai. Gangar kwamfuta ba ta kuskure, shi ya sa ba ta da daɗi. Jinjiri kullum yana makara kaɗan a bugu na huɗu, shekara huɗu ina zaginsa a kai. Yau na zauna ina matsar da bugun kwamfuta baya da hannuna don ya makara irin tasa, bai yi ba.

Da zai tafi Labaran ya ce, "Rikodar fa, ba a same ta ba?" Na ce ba a samu ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Na saurari takwas ɗin a jere, kunya ta kama ni. Hayaniya ce zalla. Lokacin da muka fara, burina jita ta yi gurnani har mai shayin tsallaken titi ya zo ya yi faɗa, ya kuwa zo. Waƙar gonar Lawal Dogo jita huɗu na jera a kanta, taken bawan Allah yana can ƙasa yana neman numfashi. Ina waƙar gonar da ba kowa, na cika ta da mutane.

Minti goma sha biyar na farkon rikodar ne suka koya mini haka. Iska cikin sabara. Kurciya ɗaya daga nesa. Wani tsohon gwangwani da aka rataya don korar tsuntsu shekara uku da suka wuce, har yau yana aikinsa ba mai biyansa. Da numfashin Jinjiri a kusa, yana ƙoƙarin kar ya yi motsi, don na ja masa kunne kan motsi. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba, kuma ba ni na ɗauka ba.

A minti na goma sha shida akwai babura, da ƙara biyu. Na goma sha bakwai ba na kaiwa. Ina tsayar da ita kafin nan.

Na cire jita uku daga waƙar Lawal Dogo. Ta fi kyau.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe

Matsoraci na ce masa, shi ke nan. Kalmar da muke gaya wa juna kullum. Shi ya ce hanyar ba ta da kyau da yamma, ni na ce iskar yamma nake so. Ban ɗaure shi kan babur ba.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Wagini kuma. Na kai wa Inna Marka sukari. Na zauna da Baba Gagare, na roƙe shi ya kaɗa mini taken Jinjiri da yatsa ko a gwiwa ne. Ya kaɗa: bugu uku da sauri, na huɗu ya ja ƙafa. Ya ce shi ya yi masa shi ranar gayyarsa ta fari, yana ɗan sha biyar, don tun yana ƙarami haka yake tafiya. Ashe makarar da nake zagi sunansa ce yake sawa a kowace waƙa.

Na tuna wani abu da Jinjiri ya taɓa gaya mini. A gidansu, in manomi ya mutu, makaɗi yakan kwantar da ganga ƙasa, ya sassauta tsarkiya, ya kaɗa taken mamacin sau ɗaya a hankali, daga nan ba ya sake kaɗa shi har abada. Kwantar da take suke ce masa. Ya ce in ka ji shi sau ɗaya ba ka mantawa.

Na ce, "Baba, ya ake kwantar da take?"

Ya ce, "Ba a tambaya tai in ba a yi mutuwa ba, yaro."

Duk hanyar dawowa ina jin ta tara a kaina, daga farko har ƙarshe. Na ji tsoron kaina kaɗan, daga baya yunwa ta kama ni na tsaya na ci awara.

Laraba, 17 ga Yuli, da rana

Ramlat ta gidan rediyo a Katsina ta kira. Ta ji biyu cikin waƙoƙinmu, tana son ta sa albam ɗin gaba ɗaya a shirinta farkon Agusta. Ta ce, "Amma tara kuka ce, takwas na gani." Na ce ta tara na kan hanya. Ta yi mini jajen Jinjiri, na amsa da muryar da ta dace.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe 3

Sati biyu. Wani mutumin Tsaskiya ya kuɓuto daga daji, ya ce ya ga wani ƙato a can da ake sa shi kaɗa jarka in ana son nishaɗi. Labaran ya shigo da gudu yana haki, wai Inna Marka har ta yi guɗa.

Na ce, "Ƙato nawa ne a dajin nan? Jarka kuwa ko akuya ta taka ta ta yi ƙara."

Ya ce, "Kai ba ka son ya dawo ne?"

Na ce ya fita yana tare mini haske. Wace irin tambaya ce wannan? Ni na koya wa Jinjiri zama kan ganguna biyar, ni na haɗa masa faifan ƙarfe da murfin tukunya kafin mu sami na gaske. Labaran da bai iya ɗaure igiyar bes ɗinsa ba sai na taya shi, shi zai tambaye ni so.

Juma'a, 19 ga Yuli, da safe

Na gwada kwaikwayon kwantar da take a kwamfuta, na sassauta sauti, na rage gudu. Kamar ana dukan katifa. Sai hannun tsohon.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Na je. Na sami Baba Gagare shi kaɗai. Na ce an tsinci rikodar.

"Mi ke ciki?"

"Baba, ba abin da uba zai saurara ba ne."

"Kai ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"Harbi?"

"Biyu."

Ya ajiye gular kiɗan da ke hannunsa. "Ya ƙare ke nan?"

Na sunkuyar da kai. Iyakar abin da na yi ke nan. A rubuta, ban ce komai ba, ban ce ya mutu ba, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya ce mutumin Tsaskiya fa? Na ce Allah ya sa, Baba, amma mutumin bai ce ya ji sunansa ba.

Ya ce, "Talata. Ka zo, kai ne abokin shi."

Lahadi, 21 ga Yuli

Na sa wa rikodar sabon batir. Na kwashe abin ciki zuwa kwamfuta, na goge memori.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Da hantsi aka yi, a ƙofar gida. Liman ya yi addu'a ya tashi da wuri, don ba ya son ya ga sauran. Aka ba ni wuri daf da tsohon. Rikodar na aljihun gaba, na bar bakinta a waje kaɗan, na haɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jimami.

Ya kwantar da gangar kan ƙasa, ya bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya yana sassautawa. Da ya buga na farko, a ciki na ji shi, ba a kunne ba. Ba ƙara ba ce, nauyi ne. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ya tsaya, ya daɗe, har na ɗauka ya fasa, gumi ya keto mini don tsoron kar ya fasa. Sannan na huɗu ya sauka, a makare. Sau bakwai ya zagaya, kowane ya fi na baya sanyi. A na ƙarshe Inna Marka ta saki wata ƙara daga cikin gida, doguwa, ta sauka daidai kan sautin gangar. Ko na shekara ina koya wa mawaƙiya ba za ta sauka haka ba.

Wani tsoho ya yi tari a zagaye na biyar. Na ji kamar in shaƙe shi. Zan iya yankewa.

Da zan tafi Inna Marka ta kira ni, ta ɗauko kwanon nan na bakin ɗaki ta buɗe ta turo gabana. "Ci, ɗan nan. Daga yau ba ni sake ajewa."

Na ci. Miyar kuka ce, ta ji daddawa. Na cinye tas.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe 11 na safe

Ba na karɓar gyara sai na gama. Ga yadda ta tsaya: iska da gwangwani minti biyu su kaɗai, sai numfashinsa, sai ganga. Jita ɗaya tak, ba gurnani, igiya ɗaya nake ja duk bayan bugu na huɗu. Babura na shigowa daga nesa a zagaye na shida. Kukan Inna a ƙarshe. Na yanke daidai inda minti na goma sha shida ya ƙare, yanka mai tsabta, ko ƙwararre ba zai ji wurin ba.

Sauran takwas ɗin ma na sake musu wanka, na sauke su, na rage musu gudu, duk suna gangarowa zuwa ta tara kamar ruwa zuwa kwari. Wanda ya ji Tsawar Ruma bara ba zai gane mu ba. Yanzu muka fara kiɗa.

Asabar, 27 ga Yuli, da yamma

Na kira Labaran ya sa bes. Ya saka abin ji a kunne, ya rufe ido. Minti biyu da rabi ya buɗe.

"Numfashin wa ne wannan?"

Na ce iska ce.

"Shekara huɗu ina tsaye kusa da shi, Sharhabilu. Ka ce ba a samu ba."

"Daga baya aka samu."

"Gangar fa? Baba ya san ka ɗauka? Inna ta sani?" Na ce tarihi nake adanawa, in tsohon ya mutu wa zai san yadda ake yi. Ya ce in sa masa sauran rikodar ya ji har ƙarshe. Na ce ta lalace daga nan. Ya naɗe wayar bes ɗinsa a hankali, zagaye bayan zagaye, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai," ya fita bai rufe ƙofa ba.

Na sake saurara. Ba ta buƙatar bes.

Talata, 30 ga Yuli

Na tura wa Ramlat.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan azahar

Jiya aka sa. Ramlat ta ce sai da ta kashe makirufo ta share hawaye. Yau ta tara na cikin kowace waya a tasha. Mai shayin da ya taɓa zuwa zai fasa mana sifika shi ne ke sa ta tun safe, ya ƙi karɓar komai a hannuna. Mata na turowa a sa musu a memori. Wani malamin makaranta ya riƙe hannuna biyu ya ce na yi wa abokina abin da ba a taɓa yi wa wani ba a ƙasar nan.

Gaskiya ya faɗa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Shekarata talatin da ɗaya, har yau mai gyaran waya ake ce mini.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe 10

An ce waƙar ta kai Wagini. An ce Inna Marka ta ji muryarta a wayar wani mai sayen wake, ta tambaya wace ce wannan baiwar Allah da aka yi wa mutuwa. Ba wanda ya gaya mata.

Ban je ba. Aiki ya yi yawa.

Juma'a, 9 ga Agusta, da safe

Ba ni na ce ya kai la'asar ba. Ban ce ya mutu ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, ƙarfe 1 na rana

Mutum shida sun fito daga daji ta wajen Safana.

Lahadi, ƙarfe 3

Jinjiri na cikinsu.

Litinin, 12 ga Agusta

Ban buɗe ba. Mai shayi ya daina sa ta.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Ya zo. Ina ɗakin baya na ji sallama, na gane shi ta wajen jan ƙafar. Ya rame har riga na yawo a jikinsa, tafin hannunsa duk ya farfashe. Ashe mutumin Tsaskiya gaskiya ya faɗa, jarka ce ta yi masa haka. Na rungume shi, ya bari, bai ɗaga hannu ba. Muka gaisa kamar surukai.

Ya ce, "A tashar Safana na fara jin ta, kafin in ga gida. Sa mini da sifika mai kyau."

Na sa. Ya zauna kan kujerar gangunansa ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da kukan Inna ya zo ya kalli ƙasa.

"Ka yi yanka mai kyau," ya ce. "Ko ni ban ji wurin ba." Sai ya ɗago. "Ka ji saƙona?"

Na ce iska ta yi yawa a wurin.

"Ba iska lokacin. Ta kwanta. Na kai bakina har kan rikodar kafin in jefa ta ciyawa." Sai ya maimaita, da muryar da na ji sau ɗaya ranar takwas ga Yuli na ƙi sake ji: "Sharhabilu, iska suka harba. Ka gaya ma Baba da raina suka tafi da ni. Ka ce ma Inna ta aje mani tuwo."



Ya ce sati biyar da tunanin nan ya rayu, cewa su Baba sun sani. Ya ce bai gaya wa tsohon ba, kuma ba zai gaya masa ba. "Shi yana ganin kunnenka ne ya yaudare ka, har tausayinka yake ji. In ya san da gangan aka sa shi ya binne ni, ba ya ƙara wata guda."

Na ce to a tayar da taken mana, tun da ga shi da rai.

Ya yi dariya, ba mai daɗi ba. "Na roƙe shi. Ya ce hannun da ya kwantar ba ya tayarwa, uban shi bai yi ba, kakan shi bai yi ba. Sabon take kuma ba a yi wa mai gemu. Kuka ya yi, Sharhabilu. Ka taɓa ganin Baba na kuka?"

Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa. "Asabar akwai gayya, gonar dawarmu ta bayan gari. Ka zo. Kai mai son jin abin da ba a taɓa ji ba."

Bai ɗauki sandunan gangarsa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da hantsi

Ramlat ta kira tana murna, wai in kawo shi a yi hira da mu biyu. Na ce ba shi da lafiya tukuna.

Na saurari ta tara. Na so a ce ta lalace a kunnena. Ba ta lalace ba.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Na je. Maza kusan talatin da garemani, mata na gefe da fura. Labaran na can cikin layi, bai kalle ni ba. Baba Gagare ya rataya ganga, tsarkiya a ɗaure tam, da ya gan ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka sa ma ranka, yaro, ba laifinka ba ne." Inna Marka ta miƙo mini ludayi.

Aka fara. Duk wanda ya zo bakin kunya ganga ta kira shi, ya ɗaga garma sama, a yi ihu, ya faɗa aiki. Har Lawal Dogo da tsufansa aka kaɗa masa nasa, ya yi tsalle kamar saurayi. Mutum goma sha ɗaya suka shiga.

Na sha biyu Jinjiri ne. Ya tsaya bakin kunyarsa ya ɗaga garma da hannayen nan nasa, ya juya ya kalli ubansa. Tsohon ya ɗaga gula, ta tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali ya rungume gangar da hannu biyu don kar ta yi ko motsi. Ba wanda ya yi ihu. Sauran ma suka tsaya da aiki.

Jinjiri ya sunkuya ya fara shi kaɗai. Ba abin da ake ji a gonar nan sai garma ɗaya na shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sara uku da sauri, na huɗu a makare. Uku, sai na huɗu a makare. Bayansa tsoho na jan numfashi ta hanci.

Tun da nake ban taɓa jin abu irin wannan ba. Hannuna ya tafi aljihun gaba. Inna Marka na tsaye daf da ni da ƙwaryar fura, ta kalli hannun, ta kalli bakin rikodar, ta kalli fuskata, na ga lokacin da ta gane wace ce matar nan ta cikin waƙa.

Na danna.